Jean Rouch, Bafaranshen da ajali ya tarar a hanyar Ƙonni

Ba silima ce ta kawo Jean Rouch Nijar ba. An haife shi a Paris a 1917, ya sauka Yamai a 1941 yana injiniyan hanyoyi, can ya haɗu da Damure Zika, amininsa har mutuwa.

A 1946 ya bi kogin Isa cikin kwalekwale, kyamara a hannu, ya ɗauki sarkawa suna farautar dorina. Sai kuma maharban zaki na yankin Yatakala, masu baka da kibiya mai dafi. Shekara bakwai ya yi yana bin sawunsu, haƙurin da ba kowane mai kyamara ke da shi ba, kafin fim ɗin ya fito a 1965. Shi ne kuma ya fara saka Umaru Ganda a fim.

Bai tsira daga suka ba. Sembène Ousmane na Senegal ya zarge shi da kallon ƴan Afirka kamar ƙwari.

Ranar 18 ga Fabrairu 2004, da dare, haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni ya yi ajalinsa yana da shekara 86. A Yamai aka binne shi.