Rosalind Franklin: daga binciken gawayin ƙasa zuwa sirrin gado

A Anu Araren da ke jihar Agadas, kamfanin SONICHAR na haƙo gawayin ƙasa da ake ƙonawa don bai wa Arlit, Cirozerin da Agadas wutar lantarki. Kaɗan ne suka san cewa cikin waɗanda suka gano yadda wannan baƙin dutse yake a ciki akwai wata mace 'yar Ingila, Rosalind Franklin, wadda sankarar gidan ƙwai ta kashe tana da shekara 37.

An haife ta a Landan ranar 25 ga Yulin 1920. Ta shiga jami'ar Kambirij a 1938, inda ta karanta ilimin sinadarai. A 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ta kama aiki a cibiyar binciken gawayi ta Birtaniya. Ta nuna cewa gawayi cike yake da ƙananan ramuka masu aiki kamar rariya, su bar wasu ƙwayoyin iska su wuce, su tare wasu. Da wannan aiki ta samu digirin dokta a 1945.

A 1947 ta tafi Paris, inda Jacques Mering ya koya mata amfani da hasken X wajen leƙa tsarin abin da ido ba ya gani. Da wannan ƙwarewa ta koma kwalejin King's ta Landan a 1951 don nazarin DNA, sinadarin da ke ɗauke da gadon iyaye zuwa 'ya'ya. A watan Mayun 1952 ɗalibinta Raymond Gosling ya ɗauki hoton da ake kira Hoto na 51. Abokin aikinta Maurice Wilkins ya nuna wa James Watson hoton ba da saninta ba, kuma a Afrilun 1953 Watson da Francis Crick suka bayyana siffar DNA.

Ta koma kwalejin Birkbeck tana binciken ƙwayar cutar da ke kama ganyen taba. A 1956, tana ziyarar aiki a Amurka, ta lura cikinta na kumbura. Tiyatar da aka yi mata a Satumba ta gano ƙari biyu. Duk da jinya ba ta ajiye aiki ba, har ta fara nazarin ƙwayar cutar shan inna. Ta rasu ranar 16 ga Afrilun 1958. A 1962 aka bai wa Watson, Crick da Wilkins kyautar Nobel, wadda ba a bai wa mamaci.

Hanyar da ta share ce ta taimaka wajen fahimtar cutar da ta kashe ta. A 1994 masana suka tantance ƙwayar gado ta BRCA1, wadda lalacewarta ke ƙara haɗarin sankarar mama da ta gidan ƙwai, gaɓar da ke samar da ƙwai da sinadaran da ke tafiyar da al'adar mace.

Wannan sankara takan ɓuya har ta yi nisa. Kumburin ciki da ba ya sauka, saurin ƙoshi, ciwon mara da yawan fitsari su ne alamunta. Macen da ta ga sun ɗauki makonni, musamman in cutar ta taɓa kama uwa ko 'yar'uwarta, ta je asibiti a duba ta da wuri.