Elie Metchnikoff, malamin da ya nemi maganin tsufa cikin nono

An haifi Elie Metchnikoff a shekara ta 1845 kusa da birnin Karkof, cikin daular Rasha. Ya karanci ilimin halittu, ya koyar a jami'ar Odesa. A 1882, a garin Mesina na ƙasar Italiya, ya soka ƙaya cikin jikin wani ɗan ƙwaron teku, da gari ya waye ya tarar waɗansu ƙwayoyin jiki sun yi wa ƙayar zobe. Daga nan aka gane yadda fararen ƙwayoyin jini suke cinye ƙwayoyin cuta. Aikin nan ne ya jawo masa kyautar Nobel a 1908, tare da Bajamushe Paul Ehrlich.

Tun 1888 yake aiki a cibiyar Pasteur ta birnin Paris, can kuma ya maida hankalinsa ga sha'anin tsufa. A ganinsa, ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci cikin babban hanji suna zuba guba a jini sannu a hankali, gubar nan ce take tsofar da mutum. Ya samu labarin manoman Bulgariya masu yawan shan nono, waɗanda aka ce suna daɗewa a duniya. A 1905 wani ɗalibi ɗan ƙasar, Stamen Grigorov, ya gano ƙwayar da ke sa nonon tsami. Metchnikoff ya ɗauka tsamin nan yana hana ruɓar, ya bayyana haka cikin littafinsa na 1907, shi kansa kuwa kullum sai ya sha.

Makiyayanmu na Fulatari da na bakin Komadugu ba su jira Paris ba kafin su san darajar kindirmo. Amma a lura da abu guda: malamin ba ya yarda da ɗanyar madara, sai an tafasa ta kafin a bar ta ta kwana. Ɗanyar tana iya ɗauko tarin fuka daga saniya, jikin tsoho kuwa ba shi da ƙarfin na yaro.

Ciwon zuciya ya ɗauke shi a 1916, yana da shekara 71. Bayansa masu bincike a Amurka suka nuna cewa ƙwayar Bulgariya ba ta zama cikin hanji. Ƙwayoyin firobiyotik da ake sayar wa tsofaffi da tsada daga tunaninsa suka samo asali. Waɗansunsu suna rage zawon da ke biyo bayan shan antibiyotik, amma babu wadda aka tabbatar tana ƙara kwana. Tokar gawarsa tana ajiye a cibiyar Pasteur.