Victor Laws: Kurtun da Kyamara Ta Mayar Babban Hafsa

A shafin tarihi na wannan fitowa mun kawo muku rayuwar wani Bature ɗan ƙasar Ingila, mai suna Frederick Charles Victor Laws. Ya rasu tun shekarar 1975. Mun zaɓe shi ne saboda yawancinmu muna son ɗaukar hoto. Da zarar wayar yaya ko ta baba ta shigo hannunmu, sai mu hau ɗaukar junanmu. Manya kuma su ce wasa ne da ɓata caji. Shi ma Laws da sha'awa ya fara. Bambancinsa da mu shi ne ya zauna ya koyi abin har ƙarshensa, sai abin ya zama aikin da ya ci abinci da shi duk tsawon rayuwarsa.

Shigarsa soja

An haifi Laws ranar 29 ga Nuwamba, 1887. A shekarar 1905, yana ɗan shekara 17, ya shiga sojan ƙasa na Ingila, a wata tsohuwar runduna mai suna Coldstream Guards. Bai shiga da babban muƙami ba. Kurtu ne kamar kowane kurtu, sai fareti da gadi da goge takalmi.

Daga nan aka tura shi Masar da Sudan. A lokacin Turawan Ingila ne ke riƙe da waɗannan ƙasashe da ƙarfin bindiga, kamar yadda suka ci Kano da yaƙi a 1903. Wato shi ma sojan mulkin mallaka ne, kuma bai kamata mu manta da wannan ba.

A can ne ya riƙa ɗaukar hoto idan ya tashi daga aiki. Yana ɗaukar 'yan uwansa sojoji, yana sayar musu da hotunan, yana samun ɗan ƙari a kan albashinsa. Sojan da ke nesa da gida yana son abin da zai aika wa iyayensa su ga yana nan lafiya.

Ɗaukar hoto a wancan zamani ba irin namu ba ne. Babu allon da za ka duba ka ga ko ya yi kyau. Babu gogewa a sake. Sai ka auna haske da idonka, ka ɗauka, sannan ka shiga ɗaki mai duhu ka wanke hoton da ruwan magunguna. In ka kuskure awon maganin, ko ka bar haske ya shigo, aikin ya lalace, kuɗinka ya tafi. A ƙasa mai zafi da ƙura kamar Sudan, wannan aiki sai mai haƙuri. A nan Laws ya koyi sirrin haske da na magunguna, tun babu wanda ya sa shi.

Yadda ya koma sojan sama

A watan Disamba na 1903 ne wasu 'yan uwa biyu a Amurka, Wilbur da Orville Wright, suka tayar da jirgin sama mai inji. Shekara tara bayan haka, a 1912, Ingila ta kafa sashen sojan sama da ake kira Royal Flying Corps. A wannan shekara Laws ya nemi a mayar da shi can. Aka yi masa jarrabawar sana'a, ya ci, aka ɗauke shi a matsayin makaniki. Ba a jima ba ya zama saje, aka ba shi kula da aikin hoto.

Abin lura a nan shi ne, a ranar da dama ta zo, Laws ya riga ya iya. Shekarun da ya yi yana wankin hoto a Masar da Sudan su suka yi masa rana.

Ya fara gwajinsa a garin Farnborough, daga cikin wani jirgi mai suna Beta. Wannan jirgi ba mai fiffike ba ne. Wata ƙatuwar balan-balan ce doguwa da ake cika wa iska marar nauyi, da inji da wurin zaman mutane a ƙarƙashinta. Daga nan Laws yake leƙo da kyamara yana ɗaukar ƙasa.

Abubuwa biyu da ya gano

Na farko ya shafi zurfi da tudu. Hoton da aka ɗauka daga sama, kai tsaye zuwa ƙasa, yakan fito a shimfiɗe kamar tabarma. Ba ka iya bambanta rami da tudu. Laws ya gano cewa idan aka ɗauki hotuna biyu a jere, na biyu ya maimaita kashi 60 cikin 100 na abin da ke cikin na farko, sannan aka dube su tare ta cikin wani madubi mai ido biyu, sai ƙasar ta taso. Bishiya ta miƙe tsaye, rami ya zurma.

Kowa zai iya gwada dalilin wannan a nan gaban allo. Ka miƙa yatsanka ɗaya a gabanka. Ka rufe idon hagu ka duba, sannan ka buɗe shi ka rufe na dama. Za ka ga kamar yatsan ya yi tsalle. Kowane ido daga gefensa yake gani, ƙwaƙwalwa ce ke haɗa su biyun ta gaya maka nisan abu. Hotuna biyun nan su ne idanu biyu.

Na biyu kuma kare ne ya jawo shi. Kafin yaƙi ya ɓarke, an yi wani babban fareti, Laws ya ɗauke shi daga sama. Ana cikin faretin wani kare ya shigo fili, wani samanja ya bi shi yana kora. Da aka wanke hoton, sai ga karen, ga samanjan, ga kuma layin sawun da suka bari a kan ciyawa. Wanda ke tsaye a ƙasa ba lalle ya lura da wannan ba, amma ciyawar da aka taka takan kwanta, haskenta ya bambanta da na sauran.

Wani da dariya kawai zai yi ya wuce. Laws kuwa ya fahimci cewa idan sawun mutum ɗaya da kare ɗaya ya fito a hoto, to sawun runduna da na motocinta ba zai ɓuya ba. Mu 'ya'yan manoma mun san irin wannan karatu. Manomi yakan zo gona da sassafe, ya dubi raɓa da shukar da ta kwanta, ya gane akuya ta shigo, har ya nuna ta inda ta fita. Laws irin wannan karatu ya yi, sai dai shi daga sama.

Yaƙin Duniya na Ɗaya

Yaƙi ya tashi a watan Agusta na 1914, aka tura Laws Faransa. Can sojojin ɓangarorin biyu suka haƙa dogayen ramuka suka shige ciki, tun daga bakin teku har iyakar ƙasar Suwizalan. Duk wanda ya ɗago kai don ya leƙa, harsashi na jiransa. Hanyar da ta rage ta sanin abin da ke bayan layin abokan gaba ita ce ta sama.

Da farko matuƙa jirgi da masu rakiyarsu da ido suke dubawa, su zana a takarda, su dawo su ba da labari. Amma ido yana mantuwa, tsoro kuma yana ƙara wa abu girma. Hoto ba ya yin haka. Gani ya kori ji.

A farkon 1915 aka kafa wani ƙaramin sashen gwajin hoto. Laws yana ciki, tare da wani hafsa mai suna John Moore-Brabazon. Suka tsara kyamara ta musamman don jirgi, kamfanin Thornton-Pickard ya ƙera ta. Akwatin katako ce mai nauyi. Mai ɗauka yakan riƙe ta da hannu, ya leƙa da ita ta gefen jirgin da ba shi da rufi, ga iska, ga sanyin da ke sandarar da yatsu, ga harbi daga ƙasa. A kan farantin gilashi hoton yake zama, kuma bayan kowane ɗauka sai an canza farantin da hannu.

Duk da haka aikin ya yi amfani. Kafin gumurzun Neuve Chapelle a watan Maris na 1915, an ɗauki hotunan ramukan Jamusawa na wannan yanki, aka zana taswira da su. Daga nan manyan hafsoshi suka daina yi wa masu kyamara kallon 'yan wasa. Daga baya aka yi wasu kyamarori da ake ɗaurewa a jikin jirgi. Akwai wadda aka sa wa harafin L, wato farkon sunan Laws, da wata L/B, wato shi da Brabazon.

A shekarar 1915 aka buɗe makarantar koyon hoto ta soja a Farnborough, don masu wankin hoto sun yi kaɗan. Laws ya shugabance ta. A wannan shekara kuma aka ba shi muƙamin hafsa. Yaron da ya shiga soja yana kurtu, cikin shekara goma ya zama mai koyar da wasu.

Akwai gefen labarin da ba shi da daɗi. Hotunan nan ba na ado ba ne. Da su ake nuna wa masu harba igwa inda za su saita. Sun ceci rayukan sojojin ɓangarensa, sun kuma jawo mutuwar na ɗaya ɓangaren, waɗanda su ma 'ya'yan wasu ne. Kyamara ba ta da harsashi, amma a hannun soja makami ce.

Bayan yaƙi

Da aka kafa rundunar sojan sama mai zaman kanta, wato Royal Air Force, ranar 1 ga Afrilu, 1918, Laws ya ci gaba da aiki a cikinta. Yana cikin waɗanda suka tsara kyamarar F24, wadda ta fito a 1925. Ita fim take amfani da shi, an huta da gilashi. Ta yi ƙarko har aka yi Yaƙin Duniya na Biyu da ita.

A wannan shekara ta 1925, jirage uku na wannan runduna suka taso daga Masar, suka ratso Sudan, suka sauka a Kano cikin watan Nuwamba, a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Lokacin ne Kanawa suka fara ganin jirgin sama ya sauka a garinsu.

Laws ya ajiye aikin soja a 1933. Sai ya kai iliminsa inda babu harbi. Ya tafi yammacin Ostireliya, ya jagoranci ɗaukar hoton ƙasa daga sama don wani kamfani mai neman zinariya. Da yaƙi na biyu ya tashi a 1939, ya sake sa kaki yana da shekara fiye da 50. Ya zama mataimakin daraktan harkar hoto a ma'aikatar sojan sama, da muƙamin Guruf Kyaftin, wanda yake daidai da Kanar a sojan ƙasa. Samarin hafsoshi suna kiransa da laƙabin da ke nufin Baba Laws. Bayan yaƙin ya shugabanci wani kamfanin safiyo mai zana taswira daga hotunan sama. Ya rasu ranar 27 ga Oktoba, 1975, saura wata ɗaya ya cika shekara 88.

Me ya haɗa mu da shi?

Mu a Garun Mallam muna zaune ne a cikin aikin da ba ya yiwuwa sai da awon ƙasa. Ruwan da ke shayar da shinkafa da alkama da tumatir a Kadawa da Kura da Bunkure daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama a 1974. Gangara ce ke kawo shi ta cikin magudanai. Ruwa ba ya hawa tudu. Kafin a haƙa magudana sai an san inda ƙasa ta tashi da inda ta kwanta. Ilimin gane tudu da kwari daga hotuna biyu, wanda Laws ya yi wa hidima, yana cikin abin da masu zana taswira suka daɗe suna aiki da shi a duniya. Yau tauraron ɗan'adam da jirage marasa matuƙi sun karɓi yawancin aikin, amma har yanzu sai an sami mutumin da zai zauna ya karanta hoton.

Ga wanda ke sha'awar soja a cikinmu, labarin nan yana nuna cewa bariki ba masu riƙe bindiga kaɗai take nema ba. Tana buƙatar makanikai da masu jinya da masu taswira da masu hoto. Kurata a Defo na Zariya ake horar da su, hafsoshi kuma a NDA ta Kaduna, kuma duka biyun sai da takardar kammala sakandare. Saboda haka kyamara ba za ta maye gurbin littafi ba. Kashi 60 cikin 100 lissafi ne. Haske da madubi kimiyya ne. Taswira kuwa darasin labarin ƙasa ce.

Muna kuma tunatar da junanmu ladabin wannan sana'a. Kada mu ɗauki hoton mutum sai ya yarda, musamman mata da dattawa. Kada mu ɗauki hoton bariki ko shingen jami'an tsaro, domin yana iya jefa mu da iyayenmu cikin matsala. Kada mu yaɗa hoton da zai kunyata wani.

Ga malamanmu da iyayenmu kuma, muna roƙo cikin ladabi. Idan kun ga yaro ya nace wa wani abu mai kyau, ko hoto, ko zane, ko gyaran rediyo, ku tambaye shi me ya koya a ciki kafin ku hana shi. Idan ya kasa amsawa, ku tura shi ya koyo.

Mu kuma 'yan ƙungiya mun ɗaukar wa kanmu aiki. A fitowa ta gaba za mu liƙa hotuna biyu na bishiya ɗaya da ke harabar makaranta, waɗanda za mu ɗauka da tazarar taki ɗaya a tsakaninsu. Duk wanda ya zo karatu sai ya duba ya gaya mana abin da ya matsa da abin da bai matsa ba.

Daga wakilin shafin tarihi, aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida.