Abubakar Imam da akun da ya riƙe ɗan sarki

Bara na ba abokin ɗakina gajeren labarin da na rubuta. Shafi biyu ya karanta, ya ce mutanen ciki ba sa magana kamar mutane. Haushi ya mayar da ni ga Magana Jari Ce, wanda rabona da shi tun firamare.

An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, ya yi Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil. Yana ɗan shekara 22, sa'ana ke nan, ya shiga gasar Rupert East ta 1933 da Ruwan Bagaja. Daga baya East ya kira shi Zariya, ya tara masa littattafan Larabawa da Indiyawa da Turawa. Imam fa bai kwafa ba. Ya tuɓe wa labaran kayansu, ya sa musu riga da rawani, ya ba su bakin fada da na kasuwa. Sannan ya damƙa su ga aku, wanda dole ya shagaltar da Musa ɗan sarki da hira. Labari ya yi lami, yaro ya fita ya halaka.

A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya rasu a Zariya a 1981. Ni dai yanzu wurin mai shayi nake zama da biro, ina sauraron yadda ake rigima kan canji.