George Washington Carver: Ɗan Baiwar da Ya Farfaɗo da Gonakin Alabama

An haifi George Washington Carver cikin bauta a jihar Missouri ta Amurka wajejen 1864. Bayan ya yi karatun aikin gona a Iowa, sai Booker T. Washington ya gayyace shi makarantar Tuskegee da ke Alabama a 1896. Can ya tarar da gonakin baƙaƙen fata sun gaji tiɓis saboda shukar auduga shekara da shekaru, manoman kuma ba su da kuɗin takin zamani.

Maganin da ya ba su daidai yake da aljihun talaka: su riƙa hutar da gona daga auduga, su shuka gyaɗa da wake, waɗanda saiwoyinsu ke mayar wa ƙasa sinadarin naitirojin, sannan su yi taki da ruɓaɓɓen ganye da lakar fadama.

Da ƙwaron da ke cin ƙwallon auduga ya mamaye Alabama, manoma da dama suka koma noman gyaɗa, sai dai ina za a kai ta? A 1916 Carver ya wallafa ɗan littafi mai ɗauke da hanyoyi 105 na sarrafa ta zuwa abinci. Ya rasu a Tuskegee ranar 5 ga Janairu, 1943.