Eberhard Mai Gemu, basaraken Jamus da ya haɗe ƙasa amma bai bar magaji ba

An haifi Eberhard a garin Urach, a kudu maso yammacin Jamus, a watan Disamba na shekarar 1445. Ya fito daga gidan sarautar Württemberg, masu riƙe da muƙamin da Jamusawa ke kira Graf, Faransawa kuma comte. Shekara uku kafin haihuwarsa, mahaifinsa Ludwig da ƙanensa Ulrich sun raba ƙasar gida biyu, ɗaya ya zauna a Urach, ɗaya a Stuttgart.

Mahaifinsa ya rasu a 1450, wansa kuma ya bi shi a 1457, sai sarautar Urach ta faɗo kan yaro ɗan shekara goma sha ɗaya. Ya fara mulki da kansa a 1459. A 1468 ya kai ziyara Birnin Ƙudus, kuma an ce tun daga wannan tafiya ya bar gemunsa, har ya zame masa laƙabi.

A 1474 ya auri Barbara Gonzaga, ƴar gidan sarautar Mantua ta Italiya. Sun haifi ɗiya ɗaya, ta rasu tana jaririya.

Bai iya Latin ba, harshen ilimi na lokacin, shi ya sa ya sa a fassara masa littattafai zuwa Jamusanci, ciki har da Kalila wa Dimna. A 1477 ya kafa jami'ar Tübingen tare da goyon bayan mahaifiyarsa Mechthild, jami'ar da har yau take ɗauke da sunansa. Sai dai a wannan shekarar ce kuma ya kori Yahudawa daga garin.

Babban aikinsa shi ne yarjejeniyar Münsingen ta 1482, wadda ta sake haɗe Württemberg bayan rabuwar shekara 40. A 1495, a taron Worms, Sarki Maximilian ya ɗaga darajarsa zuwa Herzog, wato duc, amma bai shekara a kan muƙamin ba ya rasu a Tübingen a watan Fabrairun 1496.

Da yake bai bar ɗan halak namiji ba, sarauta ta koma hannun ɗan baffansa, shi ma Eberhard, wanda manyan ƙasa suka tuɓe a 1498. Duk da haka, ƙasar ba ta sake rabuwa biyu a wancan lokacin ba.