Tarihin Jacobus van 't Hoff

An haifi Jacobus van 't Hoff a birnin Rotterdam na ƙasar Holan ranar 30 ga watan Agustan 1852.

A 1874 ya fito da sabon bayani kan siffar ƙwayoyin sinadarai, abin da ya sa wani babban masani Bajamushe, Hermann Kolbe, ya yi masa ba'a a fili.

Daga baya ya gano ƙa'idar lissafa ƙarfin da ruwa ke ratsa tantani da shi zuwa ɓangaren da ya fi gishiri ko sukari.

A 1901 ya zama mutum na farko da ya samu lambar yabo ta Nobel a kimiyyar sinadarai.

Tarin fuka ne ya yi ajalinsa a kusa da Berlin a 1911.

Bisa wannan ƙa'ida aka ƙera ƙananan famfunan da ake dasawa ƙarƙashin fata. Ruwan jiki na ratsa tantanin ya kumbura gishirin da ke ciki, shi kuma ya riƙa turo magani kaɗan-kaɗan.

A 2000 Amurka ta amince da wani irinsa mai bai wa maza masu sankara magani tsawon shekara guda.